Ɗinkina da Kafson Inna Tumba

Har yanzu idan mota ta faɗa rami, hannuna yakan kai kansa ƙasan cikina ta dama, ko da babu abin da ke yi mini ciwo. Wata bakwai ke nan da dawowata Zurmi, amma warin asibiti kaɗai ya isa ya mayar da ni Agadas. Ƙannena mata sun dame ni da tambayar yadda Agadas take. Na kasa faɗa musu da baki, shi ya sa na zauna rubutawa.

Sunana Luba. Na gama sakandare a Ƙaura, na yi shekara biyu a gida, ba aiki, ba ci gaba da karatu. Gonar geronmu ta bakin daji ta gagari Baba shiga, kowa ya san dalili, 'yan bindiga ne. Sai wata mata mai kawo turaren wuta kasuwar Shinkafi, ana ce mata Hajiya Balki, ta ce tana da shago a Agadas, tana neman yarinya mai karatu ta riƙa tsare mata. Yadda na bar gida ba shi ne labarin ba.

Maraɗi

A tashar Maraɗi ciwon ya fara, daidai cibiya, kamar ana murɗa tsumma. Shayin da na sha da safe bai zauna ba. Na faɗa wa Hajiya Balki, ko kallona ba ta yi ba, tana ta danna waya.

"Baƙon ruwa ne," in ji ta. "Duk wanda ya ƙetare iyaka sai cikinsa ya gaishe shi."

Ban saba da kowa ba, kuma Turancin da na sha bulala a kansa shekara shida bai iya karanta mini ko allon tasha ba, komai da Faransanci aka rubuta. Na rungume jakata na shiga mota.

Tawa

Kafin mu kai Tawa ciwon ya bar cibiya ya sauka ƙasa ta dama, ya tsaya wuri guda kamar an kafa ƙusa. Kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Da muka sauka ban iya miƙewa sosai ba, a duƙe nake tafiya.

Wani mai tallar magani a faranti ya hango ni, ya nufo ni kai tsaye.

"'Yar Najeriya, ina ke ciwo?"

Na nuna masa.

"Taifot ce. Na ga irinta yau har sau uku." Ya ɓallo mini kafso ja-da-yalo da wasu ƙwayoyi na kashe zafi. "Biyu-biyu. Kafin Abalak kin manta da ita."

Na sha, don ina so in yarda da shi.

Hajiya Balki kuwa ta tsaya tana kallon yadda nake riƙe da ciki. Ta saka ni a motar Agadas, ta ce in riƙe mata wuri, za ta karɓo saƙo nan bayan tasha. Har mota ta cika ta tashi ba ta dawo ba. Na kira lambarta, a kashe. Daga baya na gane ba ta da wani shago. Aikatau take kai 'yan mata gidajen mutane, mara lafiya kuwa babu mai karɓa.

Ina kuka a cikin hijabi, sai matar da ke gefena ta taɓo ni. Dattijuwa ce mai ƙiba, duk jikinta ƙamshin daddawa.

"Ke, mi ya same ki?"

Na fara ba ta amsa, ta katse ni.

"Tsaya. Wagga magana ta gida ta. Ɗiyar ina ce ke?"

"Zurmi."

"Ikon Allah! Ni Jangeru. Share hawayenki, kada ki ba mu kunya gaban Buzaye."

Ita ce Inna Tumba. Shekara goma sha biyu tana sayar da tuwo a Agadas, ta je gida ne ta sayo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta kwantar da kaina a cinyarta, tana yi mini fifita da murfin kwano.

Bayan mun wuce Abalak, kwatsam sai ciwon ya sake ni. Na tashi zaune, har na ci ɗan dabino, a raina ina sa wa mai faranti albarka. Ban san a lokacin ne abin ya fashe ba. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ni, cikina ya sandare kamar allo, ko numfashi mai ƙarfi ban iya ja.

Agadas, asibiti

Inna Tumba ta bar wa direba buhunanta, ta cusa ni a adaidaita, sai asibiti. Lokotoro, haka suke ce wa likita a can, ya danna ƙasan cikina a hankali, ya saki da sauri. Ihun da na yi har yau ina jin kunyarsa. Ya juya ya yi magana da Faransanci da babbar ma'aikaciyar jinya, wadda suke kira majo. Doguwar Buzuwa ce, Hausarta a hankali take fita kamar tana zaɓen kalmomi.

"Afendis ne," ta ce. "Wani ɗan guntun hanji ne a nan. Ya kumbura, ya fashe, dattinsa ya zuba cikin cikinki. Sai an yi aiki yanzu. Me kika sha?"

Na nuna mata ragowar maganin Tawa. Ta juya shi a hannu, ta jefa a kwandon shara.

"Wannan baki kawai ya rufe wa ciwon. Wa ke gare ki a garin nan? Sai wani ya sa hannu."

Babu kowa. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji muryar Inna Tumba daga bayana.

"Ni ce uwarta. Kawo in dangwala."

Kafin a tura ni ɗakin tiyata majo ta ɗaura mini ƙarin ruwa, ta zuƙo wani magani a sirinji ta tura ta cikin robar. Na ji sanyinsa yana hawa hannuna.

"Wannan mai kashe ƙwayoyin cuta ne," ta ce. "Shi ke riga wuƙa shiga, don in an buɗe a tarar yana cikin jini."

"Zan mutu?"

"Ba yau ba, in Allah ya yarda. Aiki ya yi mini yawa."

Na farka da bandeji a ciki da wata 'yar roba da ke fitar da ruwa mai wari. Kwana huɗu ana tura mini maganin nan ta jijiya. A kwanakin nan Inna Tumba ta bar tukunyarta a hannun maƙwabta. Ita ta goge mini jiki, ita ta wanke zanen da na ɓata, ita ta riƙa ba ni kunu cokali-cokali tana yi mini tsiya.

"'Yar boko, buɗe baki. Ko shi ma sai an rubuto miki?"

Ranar sallama majo ta ba ni magani iri biyu a ambulan, kafso da wata farar ƙwaya. Ta ja layi uku a jikin takardar.

"Sau uku a rana, kwana biyar. An wanke cikinki, amma ciki ba kwano ba ne, ba ya fita tas. Abin da ya rage, wannan ne zai bi shi. Haɗiyewa ake yi har ya ƙare, ko da kin ji za ki iya tsere da raƙumi. Kada kowa ya taɓa bandejin nan. Jibi ki dawo mu canza."

Inna Tumba tana waje tana neman adaidaita. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Gidan Inna Tumba

Gidan ƙasa ne, mata biyar, daga Shinkafi da Isa da Ƙaura, kowace da sana'arta. Sun ba ni tabarma mafi taushi. Jin Hausar gida a tsakar gidan nan ya sa na yi kewar mahaifiyata, Iya.

Ranar farko na sha magani yadda aka ce. Washegari da hantsi Inna ta shigo ta durƙusa.

"Buɗe in gani."

"Inna, an ce kada a taɓa."

"Ai gani kawai za ni yi."

Ta ɗaga bandejin, ta leƙa, ta riƙe haɓa.

"Subhanallahi! Ba su sa mishi komi ba! Ciwo na waje, magani na ciki? Su lokotoro ma dai wani lokaci sai addu'a. Miƙo kafson."

Ta murɗe shi ya rabu biyu, ta barbaɗa garin a kan ɗinkin, ta shafa da ɗan yatsa, ta mayar da bandejin.

Ba baƙon abu ta yi ba. Haka Iya ta yi mini da na fasa gwiwa ina ƙarama. Haka aka yi wa Baba da fartanya ta sare shi. A garinmu har gyambon jaki garin kafso ake zuba masa. Maganar majo tana cikin kunnena, amma ban hana Inna ba. Matar da ta ce ita ce uwata a gaban baƙi, matar da ta wanke mini abin da ko ni ina ƙyama, ta yaya zan ce mata ba ta sani ba?

Haka aka ci gaba. Safe da yamma kafso na tafiya kan ɗinki, ɗaya kawai ke shiga cikina. Farar ƙwayar kuwa ɗaci gare ta, tana sa bakina ɗanɗanon ƙarfe, tana tayar mini da zuciya. Inna ta ga ina yunƙurin amai, ta ce, "Bar wagga, ai kin warke." Na bari. Ranar canza bandeji ta zo, na ce kaina na ciwo, na ƙi zuwa. Tsoro nake ji majo ta buɗe ta gani.

A rana ta huɗu na tashi da rawar sanyi a garin da ko inuwa zafi gare ta. Ɗinkin ya kumbura, ya yi zafi, yana bugawa kamar zuciya. Da na ɗaga rigata sai na ji warin nan na robar asibiti. Na san warin. A nan na gane cewa abin da aka fitar daga cikina yana neman dawowa.

Ina kwance a inuwar tsakar gida, Inna ta zo da wani kafso da ta karɓo daga gwangwanin wata maƙwabciya, Ige, don ta ce nawa ba shi da ƙarfi.

"Kumburin nan alheri na," ta ce. "Magani na jawo dattin waje."

Ta kai hannu kan bandejin. Ban san lokacin da na riƙe wuyan hannunta ba.

"Inna, a'a."

Dakan da ake yi ya tsaya. Ige ta jingine taɓarya, ta ɗaga murya.

"Kun ji 'yar boko! Wadda ta wanke miki kashi, ita kike riƙe ma hannu?"

Ban saki hannun Inna ba.

"Inna, majo ta ce haɗiyewa ake yi. Ta ce kada a buɗe. Tun ranar ya kamata in faɗa miki, kunya ta hana ni. Laifina ne. Ki kai ni asibiti."

"Ɗiya bakwai na raina da wanga magani," Inna ta ce a hankali. "Ba wanda ya ruɓe."

"Na sani, Inna. Amma ba wanda aka buɗe wa ciki a cikinsu."

Ta zare hannunta. Ta tashi ta koma wurin murhu, ta juya mini baya, ta kama tuƙin tuwo da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Babu wadda ta ƙara kallona.

Na jira kaɗan. Sannan na ja hijabina, na ɗauki ambulan ɗin magani, na dafa bango na miƙe. Na ce a raina, Luba, in mutuwa ce, ta same ki a kan hanyar asibiti, kada ta same ki a kan tabarma kina jin kunya. Na fita ƙofar gida. Ban san hanya sosai ba, na dai san ta wajen dogon masallacin nan na ƙasa muka biyo. Na sa wa kaina falwayar wuta ɗaya-ɗaya: in na kai wannan in huta, sannan ta gaba. A ta huɗu idona ya fara rufewa.

Sai adaidaita ta tsaya a gefena. Inna Tumba ce a ciki, hannunta duk garin tuwo, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Shiga, kahin ki hwaɗi ki ja mini magana a Zurmi."

Na shiga na zauna a gefenta, ta kawar da kai. Amma duk ramin da muka faɗa, sai ta tare mini ciki da tafin hannunta.

Asibiti, karo na biyu

Majo ta yaye bandejin. Garin kafso ya daskare a kan zaren, gefen ɗinkin ya yi sulɓi don kumburi. Ta zazzage ambulan ɗin a tebur, ta ga fararen ƙwayoyin nan kusan yadda ta ba ni.

"Wa ya yi wannan?"

Na shirya in ce ni ce.

"Ni ce," in ji Inna.

Majo ba ta yi faɗa ba. Ta kira lokotoro, aka duba cikina da na'ura. Ya ce Allah ya taimake ni, mugunyar a ƙarƙashin fata ta taru, ba ta koma cikin ciki ba tukuna. Majo ta yanke zare uku, ta matsa. Na cusa hijabina a baki na ciza. Abin da ya fito ba zan rubuta shi ba.

Tana wanke wurin ta ce mini, "Irin naki da ya fashe, ko an sha magani daidai yakan yi ruwa wani lokaci. Amma ku kun sallami mai gadi, kuma kun bar ƙofa a buɗe. Da kin ƙara kwana biyu, da wata maganar muke yi."

Sannan ta cire safar hannu, ta juya wajen Inna.

"Inna, an ce tuwo kike sayarwa."

"Shi na."

"In za ki sa gishiri, a kan murfin tukunya kike zubawa ko a cikin miya?"

"Wa ke zuba gishiri bisa murhi? Cikin miya mana."

"To, wannan maganin haka aka yi shi. Sai ya narke a ciki, ya shiga jini, jini ya kai shi har inda idonki ba ya gani. A kan fata ba ya aikin da aka yi shi dominsa, sai dai hannun da ya zuba shi ya kawo datti."

Inna ta daɗe tana kallon kafson da ke kan tebur. Ta goge garin tuwon hannunta a zane.

"To," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

An sake kwantar da ni kwana uku ana tura magani ta jijiya. Ba a sake ɗinke wurin ba, an bar shi ya cike da kansa daga ƙasa, kullum ana wankewa. Ranar sallama majo ba ta ba ni ambulan ba. Ta jira Inna ta shigo, ta danƙa mata a hannu.

Inna ta ƙulle shi a bakin zanenta. Da asuba, da azahar, da bayan isha'i, tana sallame salla sai ta taho da kofin ruwa.

"Buɗe baki. Haɗiye. Ɗaga harshe in gani."

"Inna, farar nan ɗaci."

"Ko ta hi maɗaci, sai ta wuce. Ba ke ce mai riƙe hannun manya ba?"

Kullum da safe ita ke raka ni wankin ciwo. Wata rana Ige ta zo haƙori na damunta, ta ce a sam mata kafso ɗaya. A gidan nan ko gishiri ba a hana juna. Na sunkuyar da kai ina jira.

"Wanga an ƙidaya shi," in ji Inna. "Tahi a duba miki haƙorin."

Ige ta yi kwana biyu ba ta gaishe mu ba. Na shanye maganin har ƙwaya ta ƙarshe. Inna ta zazzage ambulan ɗin a gabana don mu tabbata, sannan ta jefa shi a murhu.

Gida

Da ciwon ya rufe, Inna ta ce in zauna in riƙa taya ta sayar da tuwo. Na ce ina son ganin Iya. Ba ta ja ba. Ta haɗa ni da wani direba ɗan Shinkafi da ta sani, ta sa ya rantse zai ba ni gidan gaba. A tasha na durƙusa zan yi mata godiya, ta ɗaga ni.

"Tashi, kada ɗinkin ya buɗe majo ta ce ni ce."

Na ga ta juya da sauri tana gyara ɗankwali.

Na iso Zurmi ba aiki, ba komai sai tabo. Iya ta ja ni ɗaki ta ce in nuna mata. Ta daɗe tana shafa gefensa tana salati. Can kusurwar tabon akwai ɗan wurin da rigata ta goge a mota, ya yi ɗanye kaɗan. Sai na ga ta miƙe ta ɗauko gwangwanin nan da ke saman kwanuka, wanda na sani tun ina yarinya. Ta zaro kafso ja-da-yalo, ta fara murɗawa.

Na riƙe wuyan hannunta. Kamar dai wancan karon.

"Ke Luba, lahiya?"

"Iya, in za ki sa gishiri, a kan murfi kike zubawa ko a cikin miya?"

Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke da kinka tahi neman aiki, tambayar gishiri kinka koyo?"

"Ita kaɗai na dawo da ita, Iya. Zauna in faɗa miki wadda ta koya mini."

Ta zauna a bakin gado, kafson na hannunta. Ban sake ta ba sai da na kai ƙarshen labarin. Sannan ta mayar da shi cikin gwangwanin, ta danna murfin da kanta.